Injin da Na Ɗaure a Motar Kawu

Ni na ce a ɗaure injin nan a jikin mota. Ba wanda ya tilasta ni, ba wanda ya yi mini wayo. Na faɗi haka tun da farko domin a tsawon shekarun nan na zagi mutane da yawa a kan wannan magana, wasu a gabansu, wasu a zuci, kuma yawancinsu sun ci zagin. Amma in ana jera masu laifi, ni ne a gaba.

Lokacin ban daɗe da aure ba, na dawo daga Damagaram inda na yi shekara huɗu ina koyon gyaran mota. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya kai ni koyon bayan rasuwarta, shi kuma ya ɗauke ni aiki a Tanut da na gama. Matata na bar ta a ƙauyenmu, kusa da Olelewa, tana kula da mahaifina. Baba ya tsufa, gwiwoyinsa sun kumbura, kuma ni kaɗai ne ɗansa namiji da ya rayu. Abin da ya mallaka a duniya gona ce guda, wadda ubansa ya sare da hannunsa, mai gawo bakwai a tsakiya, inda Fulani ke sauka da shanu bayan kaka su bar mata taki. Duk ƙauyen an san ba ta da ta biyu. Ɗan baffana, wanda gonarsa ke manne da ita, ya fi kowa sani. 'Ya'yansa maza biyar, gonarsa 'yar tsurut, kuma duk shekara kan iyakarsa sai ta ɗan matso.

A wajenmu gona ba ta zama a banza. In damina ta sauka mai gona bai shuka ba, ba za a zuba ido ƙasa ta kwana haka alhali wasu na neman inda za su jefa iri ba. Mai hannu ake ba. Ita kuma gonar Baba geza ce, ƙasa mai tauri, ba a yi mata binne kafin ruwa kamar jigawa. Sai an yi ruwa mai ƙarfi, sannan kana da kwana biyu, in ka yi sa'a uku, kafin ta sake ƙeƙashewa. Ranar da zan koma Tanut a farkon bazara, Baba ya riƙe hannuna a ƙofar gida ya ce, "Bara da ƙyar na kai ƙarshenta. Bana ba zan iya ba. In ka ji ƙamshin ruwa, ko me kake yi, ajiye ka taho."

Na ce, "Haba Baba, sai ka ce wanda za shi Makka? Tanut ce fa." Har dariya na yi.

A shekarun nan, bayan an sami 'yancin kai, Nasaru suna ta tattara komatsansu suna tafiya. Wani likitan dabbobi da ya daɗe a nan Damargu ya sa motarsa a kasuwa. Ba irin motar da muka sani ba ce. Ɗaki ne sukutum a bayanta: gado, kabad, tebur mai naɗewa, fanka a rufi, da firigo, akwatin nan mai sanyaya ruwa. Da ita yake fita farautar barewa ranar hutu, ya sauka inda ya ga dama. Kawu ya saye ta. Wai don ya riƙa hutawa in ya je duba raƙumansa a rijiyoyin arewa. Ba haka ba ne, Allah ya jiƙansa. Don a ce ya saya, an kuwa ce. Sai dai Nasaran ya cire injin da ke ba ɗakin wuta ya tafi da abinsa. Ya bar mana fanka ba juyi, firigo kuwa goro Kawu ke ajiyewa a ciki.

Kawu attajiri ne na fata da hatsi, kuma yana da ciwo guda: bakinsa bai iya cewa babu ba. Ba tsabar kirki ba ne, girman kai ne. Gara ya kwana da takaici da a ce an zo aro gidan Alhaji an koma hannu rabbana. Fitilarsa aci-balbal ta fi sanin gidajen mutane a kan nasa. Rediyonsa ya je biki ya dawo ba murfi. Sirdin dokinsa kuwa har ya manta kamarsa. In mai aro ya fita, sai ya shiga zaure yana tsaki, ya sauke fushin a kanmu.

Mu uku muka tafi Damagaram neman inji: Kawu, da ni, da tsohon direbansa mai jan babbar motar fata, wanda muke kira Sarzan saboda ya yi soja. A bayan wani kanti aka nuna mana guda biyu, duk an ɗan yi aiki da su. Ɗaya ƙarami ne, ja, da hannayen ɗauka biyu, mutum biyu za su ɗaga shi ba nishi. Igiya ake ja ya tashi, tankinsa a kansa, kuma in ya tashi sai ka toshe kunne. Zai ja fanka da firigo, amma in aka ƙara masa wani abu sai ya fara tari. Ɗayan babba ne, kore, mai nauyin tsiya. Shi sai an yanka gindin mota an yi masa gurbi, a ɗaure shi da ƙusoshi, ya riƙa shan mai daga tankin motar, hayaƙinsa ya fita ta bututu. Ba ya ihu, gurnani yake a hankali, kuma zai ja duk abin da ke ɗakin har a ƙara masa lasifika.

Sarzan ya zagaya su sau ɗaya ya ce, "Alhaji, ɗauki ƙaramin. In ya lalace, a ɗora shi a raƙumi a kai gyara, mota na nan. In mota ta lalace, a sauke shi, wuta na nan. In zafi ya yi masa yawa, a ja shi inuwa. A ƙasar nan duk abin da ba ya hawa raƙumi wahala ne."

Kawu ya gyaɗa kai. Na ga ya karkata, har ya fara taya ƙaramin. Sai na matsa kusa da shi na rage murya.

"Kawu, dubi hannayen nan biyu da kyau. Wa kake tsammani aka yi wa su?"

"Kamar yaya?"

"Masu aro aka yi wa su. Ranar da ya shiga Tanut, ranar za ka yi masa ganin ƙarshe. Yau suna, gobe biki, jibi wani ya dawo daga hajji. Ina aci-balbal? Ina rediyo? Amma wancan, in na ɗaure shi, duk wanda ya zo sai ka ce, wallahi da na ba ka, ba ya cirowa. Ba ka hana ba, ba ka kuma bayar ba."

Kawu ya shafa gemu. Can ya maimaita a hankali, "Ban hana ba, ban bayar ba. Kai, ɗan nan! Zaman Damagaram bai faɗi ƙasa banza ba."

Sarzan ya ce, "Nauyi fa? Bayan motar nan da ma a zaune yake. A ƙara masa wannan, a shiga laka, sai dai addu'a."

Na ce, "Sarzan, ai zamanin alfadari ya wuce."

Kawu ya ƙyalƙyale da dariya, mai kanti ma ya taya shi. Sarzan ya fita waje ya tsaya.

Akwai abin da ban faɗa wa Kawu ba, kuma shi ne ainihin maganar. Ƙaramin nan ko wa ya ja igiya zai tashi. Babban kuwa sai wanda ya san wayoyinsa. So nake a ce ba mai iya motar Alhaji sai ni. So nake in zauna a gabanta in ratsa kasuwar Tanut ana nuna ni, ba in ƙare a kwance ƙarƙashin motar fata mai warin tsiya Sarzan yana gaya mini inda zan taɓa ba. Ba kayan Kawu nake karewa ba, kujera nake sassaƙa wa kaina.

Kwana shida na yi a gareji. Na ɗaure injin da ƙusoshi takwas, sannan na sa aka narke kawunansu da wuta, don kada ma wani ya yi tunanin kwancewa. Na kuma ɓoye wani ɗan makunni a bayan kabad, in ba a taɓa shi ba injin ba zai tashi ba ko za a shekara ana yi. Sau biyu Sarzan ya ce mini, "Yaro, nuna mini yadda ake tayar da shi, rai ba a bakin komai yake ba." Na ce masa abin yana da wuyar sha'ani, sai wanda ya yi karatunsa. Mutumin da ya ja mota tun ban iya ɗaura wando ba! Tir da ni.

Mun yi sati biyu muna cin duniyarmu da tsinke. Zafi ake yi na fitar hankali, ga motar Kawu a ƙofar gida tana gurnani, ana fito da ruwan sanyi ana miƙa wa baƙi a moɗa. Mutane suna sha suna riƙe haƙori suna salati. Sai ga manzo daga wani babban mutum na Gangara, ɗansa zai yi aure, yana son aron injin don lasifika da ruwan baƙi. Kawu ya dube ni ta wutsiyar ido, ya gyara zama.

"Wallahi da na ba shi. Ga shi can, je ka duba da idonka, ba ya cirowa."

Manzon ya je ya leƙa ƙarƙashin mota, ya kama ƙarfen ya girgiza, ya dawo ya durƙusa.

"Gaskiya ne, Alhaji, ba ya cirowa. To ai ba komai, tunda motar tana da ƙafa."

Mutum sun fi goma a zaune, kowa da moɗa a hannu, suna jiran su ji ko yau Alhaji zai ce babu. Ina! Sai ya yi murmushin nan nasa na wanda aka taka wa ƙafa a masallaci.

"Ai shi ke nan. Ka ce masa jibi tana tafe."

"Wa zai tayar mana da shi?"

"Ga mai shi nan, tare za su zo."

An gudu ba a tsira ba. Da ƙaramin ne, da an aza shi a jaki an tafi, in zauna abina. Yanzu ni ma na shiga cikin kayan aro.

A Damargu kuma abin aro ba ya komawa gida kai tsaye. Wanda ya ara shi ma yana da surukai, yana da wanda yake jin nauyi. Ba a gama bikin Gangara ba wani ya ce a biya ta garinsu akwai suna, "a aika wa Alhaji, ba zai ƙi ba." Bai kuwa ƙi ba. Daga suna sai walimar wanda ya sauke karatu, daga nan sai naɗin wani mai gari. Sati biyar, sau biyu na ga Tanut. Ba mai tambayar ɗan wane ne ni, mai inji kawai ake cewa. "A kira mai inji, ruwan bai yi sanyi ba." "Mai inji, ƙara wa lasifikar murya." Manya suna miƙe ƙafa a gadon Nasara ƙarƙashin fanka, ni ina tsugune a gindin mota cikin rana ina kaɗe wa injin rairayi kada ya shaƙe. Tuwo in ya iso gare ni ya riga ya yi ɓawo. Kujerar da na sassaƙa ke nan.

Ina cikin haka shamuwa ta dawo, hadari ya fara haɗuwa a gabas da la'asar yana watsewa. Da na sami kaina a Tanut, ban ko wanke ƙafa ba na sami Kawu a zaure.

"Kawu, shamuwa ta zo. Baba yana jirana."

"Na sani. Saura guda ɗaya."

Wani shugaban makiyaya ne a bayan Belbeji, babban baƙo na gwamnati zai kai masa ziyara. A rijiyoyinsa raƙuman Kawu ke shan ruwa, don haka ba zancen a ce masa a'a. Kawu ya ce, "Kwana uku ne. In ka dawo, ni da kaina zan sa a kai ka har bakin gona."

"Kawu, a ba Sarzan ya kai motar. Yanzun nan zan nuna masa, ba ya cin rabin sa'a."

Aka kira Sarzan. Ya tsaya a ƙofar zaure yana taunar goro, ya saurari Kawu har ƙarshe.

"Ni, Alhaji? Ai abin na masu karatu ne. Mu 'yan zamanin alfadari, ina mu ina inji?"

Na durƙusa a gabansa, wallahi har ƙasa. "Sarzan, don Allah don Annabi. Ba wani abu ba ne, makunni ne kawai a bayan kabad."

Ya daɗe yana kallona. "Makunni ne kawai," in ji shi. "To." Ya juya ya tafi wajen motar fatarsa.

Na dubi Kawu ko zai tsawata masa. Kawu ya buɗe hannuwa ya ce, "Ai kai ka ce a ɗaure shi. Tsuntsun da ya ja ruwa..." Bai ƙarasa ba, ba sai ya ƙarasa ba. Na daɗe ina riƙe da Sarzan a zuciya. Har yau ban ce ya kyauta ba, amma na san wanda ya fara.

Na tafi. Kwana uku suka wuce ba baƙo, biyar suka wuce ba baƙo. Kullum sai a ce ya taso, yana hanya. Rana ta shida shugaban ya sa aka kafa babbar rumfa a ƙetaren wata fadama, wai ta can baƙon zai ɓullo, ya ce in kai motar can. Hadari ya yi baƙi ƙirin a gabas. Na ce, "Ranka ya daɗe, a bari hadarin nan ya wuce." Ya ce a'a, yanzu. Ina tsakiyar fadamar, wajen azahar, ruwa ya kece. Ban taɓa ganin ƙasa ta narke da sauri haka ba. Ƙafafun gaba suna neman tudu, na baya kuwa, inda na ɗaure injin, suka yi ta nutsewa har gindin motar ya zauna daɓas a laka, kamar jakin da ya ƙi tafiya.

Da la'asar ruwan ya ɗauke. Na fito na tsaya a laka har ƙwauri, ƙamshin ƙasa ya cika mini hanci. Daga gabas hadarin ya zo, wato ta kan ƙauyenmu ya biyo kafin ya iso gare ni. Na san a daidai lokacin Baba yana ƙofar gida yana duban hanya.

Na je wajen shugaban na roƙe shi raƙumi. Daga nan zuwa gida yini ne da rabi. Ya ce, "Motar Alhaji amana ce a hannunka, ba a hannuna ba. In ka tafi wani ruwan ya zo ya cika ta, wa zai amsa? Kuma baƙo gobe yana zuwa." Na ce to a ba ni mutane mu haƙa ta. Ya ce mutanensa duk suna hidimar baƙo, manoman kusa kuwa kowa ya tafi gonarsa, wa zai ajiye shuka ya zo haƙar mota?

Na koma na ɗauko zarto, na kwanta a laka, na ce in na raba ta da injin za ta yi sauƙi ta fita. Ƙusoshin da na sa aka narke da wuta suka ce ba su san zancen ba. Na yanke ɗaya da ƙyar, a na biyu zarton ya karye. Na zauna na yi ta zagin ƙarfe kamar mahaukaci.

Kashegari da safe na ɗaure 'yan kayana a tsumma na tsaya a gefen motar. Ƙafa gare ni, ba wanda ya sa mini mari. Da na kama hanya a lokacin, da na isa a cikin kwana na uku, ko rabin gonar ne da na sara. Na tsaya har rana ta take. Ina ta jin muryar Kawu a kunnena: ɗan da na raina na koya wa sana'a ya yar mini da mota a daji. Ina ta ganin wani a kujerata. Na ce wa kaina gobe za a fito da ita, in na tuƙa ai sa'a kaɗan ce. Sai na kwance tsumman na zauna. Wannan zaman shi ne ba na yafe wa kaina.

A kan tudun da ke kewaye da fadamar mutane suna ta shuka. Maza a gaba da sungumi suna sara, mata a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige, ba mai ɗaga kai. Ni kuwa ina gadin inji, domin duk da motar ta nutse shi lafiyarsa lau, yana ta gurnani. Barorin shugaban suna ratso laka da butoci suna ɗibar ruwan sanyi, har wani yana yi mini ƙorafi wai na jiya ya fi sanyi.

Sai kwana huɗu bayan ruwa baƙon ya iso. Wayar lasifika ba ta kai rumfa ba, da bakinsa ya yi jawabi. Aka ba shi shayi mai zafi ya sha, ya shiga motarsa ya tafi, ko inda nake bai duba ba. Sannan aka sami mutane. Muka yi ta haƙa, muna cusa rassa da tabarmi, aka ɗaura wa raƙuma igiya. Sai rana ta takwas bayan ruwa motar ta fito.

Ban bi ta Tanut ba, kai tsaye na nufi gida. Hanyar ta bakin gonarmu take wucewa, na tsayar da mota na sauko. Gero ya tsiro, layi-layi, kore shar, tun daga hanya har bayan gawo na ƙarshe. Wallahi daɗi ya kama ni, na ce Alhamdu lillahi, an yi wa Baba gayya. Sai na duba wajen iyakarmu da ɗan baffana. Ƙayar da ke tsakani babu ita. Layukan sun miƙe daga gonarsa zuwa tamu ba inda suka karye.

Da na shiga ƙauye mutane suka yanyame motar, ba su taɓa ganin irinta ba. Ɗan baffana ma ya zo, da ƙasa a ƙafarsa, ya leƙa ta taga ya ga gado da fanka. Ya ce, "Ashe haka take! Kai ɗan'uwa, ai ka huta da noma." Na ratsa mutane na shige gida.

Matata tana daka a tsakar gida. Ta ce sannu da zuwa ba ta dube ni ba. Na ce ta gaya mini abin da ya faru. Ta jingine taɓarya.

"Washegarin ruwa tun da sassafe Baba ya ce in ɗauko iri. Ya ce kana hanya, mu fara kafin ka iso. Yana sara ina bi. Layi huɗu muka yi, a na biyar ƙafar ta ƙi. Sai ya zauna a ƙasa, yana sara a zaune yana jan jiki. Na ce Baba mu koma, ya ce in yi shiru, kamar ya ji ƙarar mota. Kashegari ma haka muka yi. Rana ta uku ya taɓa ƙasa ya ji ta fara tauri, ya ce in kira masa ɗan baffanka, a je gaban mai gari."

Baba yana zaune a inuwar zaure, ƙafafunsa a miƙe, an shafa musu wani magani. Na durƙusa.

"Ka zo?"

"Na zo, Baba."

"Hanya lafiya?"

Na fara zuba: laka, amana, baƙo, Kawu. Ya ɗaga hannu, na yi shiru. Can na ce, "Zan je wajen mai gari. Bana ya ci, tunda ya riga ya shuka, baɗi mu karɓi abinmu. Ai aro ne."

"Ba aro ba ne. Ya ce shi ba zai zuba irinsa da ƙarfin 'ya'yansa a gonar aro ba. Na ba shi, a gaban shaidu. Zai riƙa ci da ni."

"Baba, kwana takwas fa kawai!"

"Ƙasa ba ta san takwas ba. Gonar nan tun da ubana ya sare ta ba ta taɓa ganin damina ba shuka ba. Ba a kaina za ta fara ba." Ya gyara ƙafarsa da hannu biyu, ya dube ni ba fushi ko kaɗan, abin da ya fi ci mini rai ke nan. "Kai ai kana da aikinka."

Da ya zage ni, da ya ɗauki sanda ya kwaɗa mini, da na ji sanyi. Sai ma ya kira matata ya ce a dama mini fura, na sha hanya.

Da kaka na zo gida. Ina zaune tare da shi sai ga 'ya'yan ɗan baffana sun shigo da dammunan gero a ka, uban yana biye. Suka sauke a gaban rumbunmu. Geron ya yi kyau, zangarniya doguwa mai cika, irin wadda gindin gawo ke bayarwa. Ɗan baffana ya ce, "Baffa, ga ɗan abin da ya samu, a yi haƙuri ba yawa." Baba ya sa hannu biyu ya karɓi hannunsa ya ce, "Madalla, na gode, na gode. Allah ya yi albarka, Allah ya ƙara buɗi." Ni na tashi na fita, don ban taɓa jin ya gode wa wani a kan hatsi ba.

Shekara biyu ya ƙara a duniya, yana cin geron gonarsa yana godiya.